Bajon Kumbon Dako, Daga Hazon Kano Zuwa Tashar Sama

A wasu ranakun, jim kaɗan bayan sallar magariba ko gab da asuba, wani haske kan keto samaniyar Roni, a ƙasar Kazaure, daga bayan duwatsu, ya ratsa ta kan Amaryawa ko Gwiwa, ya ɓace cikin minti biyar ko ƙasa da haka. Ba ya ƙyaftawa irin na fitilar jirgin sama, ba ya ƙara, wani lokacin ma haskensa kan kusa kamo na Zara. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ce, wadda ke shawagi kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa, tana kewaya duniya sau ɗaya a kowane minti 90. Tun ranar 2 ga Nuwamban 2000 ba ta taɓa kwana babu mutum a cikinta ba.

Mutanen da ke ciki ba su da gona, ba su da rijiya, kasuwa kuwa ba a maganarta. Abinci da tufafi, iskar shaƙa, kayan gyara, man da ake ɗaga tashar da shi idan ta fara yin ƙasa, duk daga nan ake kai musu. Masu wannan dako kumbuna ne marasa matuƙi, kwamfuta da ma'aikatan ƙasa ke riƙe da ragamarsu. Akasarinsu tafiya ɗaya tak suke yi: a sauke kaya, a ɗura musu shara, a sake su su rikito, su ƙone ƙurmus a saman kudancin tekun Fasifik. Babu gidan tarihin da zai gaje su. Abin da ke saura a hannun mutane shi ne ɗan ƙyalle mai surfani, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, wanda aka ɗinka domin wannan tafiya ita kaɗai, wato bajo.

Bajo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kazaure. Yana kan aljihun rigar ɗan firamare, yana kafaɗar ɗan sanda, yana ƙirjin 'yan agaji ranar Juma'a, yana hular mai bautar ƙasa da aka turo koyarwa ƙauye. Sai dai duk waɗannan suna nuna ƙungiya ce ko ma'aikata. Bajon kumbo aiki guda yake nunawa, mai ranar farawa da ranar ƙarewa. A Amurka da Turai da Japan akwai mutanen da suka mayar da tara shi sana'ar nishaɗi, cikinsu kuma akwai 'yan tsirarun da suka bar na shahararrun 'yan sama jannati suka koma bin na kumbunan dako. Tarihin abin da suke bi ya biyo ta Arewa fiye da yadda ake zato.

A farkon shekarun 1960, lokacin da Amurka ke shirin tura mutum ya kewaya duniya a shirinta na Mercury, babbar matsalarta ita ce magana. Rediyon kumbo ba ya isa ga wata tasha sai na 'yan mintunan da yake samanta, don haka hukumar NASA ta jera tashoshi 18 a ƙasa da kan jiragen ruwa, su riƙa miƙa wa juna shi. Kumbon da ya tashi daga Florida kan tsallake tekun Atilantika, ya bi ta tsibiran Kanari, ya shigo Afirka ta Yamma, ya fice ta Zanzibar. A kan wannan layi Kano take, ga ta kuma da babban filin jirgin sama. Nan aka kafa tasha ta biyar, mai tazarar da ba ta kai kilomita 100 ba daga Kazaure.

Kumbon farko da tashoshin suka bi sawunsa har ya kewaya duniya, a watan Satumban 1961, babu kowa a cikinsa. Na watan Nuwamba biri ya ɗauka, mai suna Enos. Sai ranar 20 ga Fabrairun 1962 John Glenn ya hau, ya yi zagaye uku cikin ƙasa da awa biyar. Da ya iso saman Afirka ta Yamma, ya shaida wa tashar Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe, su kuma suka amsa masa da cewa ai mako guda ke nan iska na bugawa da ƙarfi. Duk wanda ya san Fabrairu a Roni ya san abin da Glenn ya hango: hazon hunturu ne, wanda a ranar yake busar da leɓɓan manoma da makiyaya daga Kano har Daura.

Glenn bai sa bajon tafiya ba, domin a lokacin babu al'adar. Sunan kumbonsa, Friendship 7, da fenti wata mai zane, Cece Bibby, ta rubuta shi a jikin ƙarfe. Duk wani bajon Mercury da ake sayarwa yau daga baya aka ƙirƙire shi, kuma wannan na cikin darussan farko da sabon mai tarawa ke koya, sau da yawa bayan kuɗinsa sun riga sun tafi. A ɓangaren Tarayyar Sobiyet, Valentina Tereshkova ta tashi a watan Yunin 1963 da surfanin kurciya a rigarta ta ciki, amma rigar sama ta rufe shi, jama'a ba su gani ba.

Al'adar ta samo asali ne daga gardama. Bayan Gus Grissom ya raɗa wa kumbon Gemini 3 sunan da bai yi wa manya daɗi ba, NASA ta hana 'yan sama jannati raɗa wa kumbo suna. Gordon Cooper, wanda zai jagoranci Gemini 5 a watan Agustan 1965 tare da Pete Conrad, ya ce to a bar su su sa bajo, kamar yadda suka saba a rundunar soja. Shugaban hukumar, James Webb, ya amince, amma ya sa aka rufe taken da suka rubuta, mai cewa ko kwana takwas ko a fasa, don gudun abin kunya idan suka sauko kafin wa'adi. Hoton da ke tsakiyar wannan bajo na farko abin lura ne: amalanke mai rumfa, irin wanda Amurkawa suka riƙa jigilar kaya da shi a zamanin da. Da abin dako aka buɗe al'adar, ko da yake an shafe shekaru masu yawa kafin kumbon dako na gaske ya samu nasa.

Bajon Apollo 11 na 1969 ya kawo wani sauyi. Michael Collins, wanda ya tsara shi, da abokan tafiyarsa biyu sun zaɓi kada a sa sunan ko ɗayansu, saboda aikin na dubban mutane ne da ke ƙasa. Mikiya ce kawai riƙe da reshen zaitun tana sauka a kan wata. Daga farkon shekarun 1970 kuma kamfanin A-B Emblem da ke Weaverville a jihar North Carolina ya zama mai ɗinka wa NASA bajonta.

Sobiyet ce ta fara dako. Ranar 20 ga Janairun 1978 ta harba Progress 1 daga Baikonur zuwa tashar Salyut 6, ɗauke da mai da abinci da kayan aiki da suka haura tan biyu. Kafin nan, zaman 'yan sama jannati a tasha iyakarsa iyakar guzurin da suka tafi da shi. Progress ya karya wannan ƙa'ida, shi ya sa aka iya zaman wata shida, aka iya na shekara. Ya yi wa Salyut hidima, ya yi wa tashar Mir, yana kuma yi wa tashar yanzu, tafiyoyinsa sun haura 170. Duk da haka lamba kawai ake ba shi. A ayarin fatake na zamanin da, masu zuwa Gwanja ɗauko goro, sunan madugu ake riƙewa, babu mai tambayar sunan jakin da ya ɗauko kayan. Haka Progress ya rayu.

Turawa ne suka ɗaga darajar kumbon dako. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta ƙera ATV, mai iya ɗaukar fiye da tan bakwai, ta kuma raɗa wa kowanne sunan wani masani. Na farko, mai sunan marubuci Jules Verne, ya tashi daga Kourou a yankin Guiana na Faransa ranar 9 ga Maris 2008, har da rubutun hannun marubucin a cikin kayansa. Johannes Kepler ya biyo a 2011, Edoardo Amaldi a 2012, Albert Einstein a 2013, Georges Lemaître ya rufe a 2014. Japan ta yi nata, Kounotori, sunan wani tsuntsu dangin shamuwa, wanda ya tashi sau tara daga tsibirin Tanegashima tsakanin 2009 da 2020 ba tare da ko ɗaya ya gaza isa ba. Kowace tafiya da tambarinta. Masu tarawa na son waɗannan biyun saboda dalili mai sauƙi: biyar da tara ne, an gama, mutum yana iya cika jerinsa ya huta.

Inda abin ya yi yawa har ya gagari lissafi shi ne Amurka. Da ta ga jiragenta na Shuttle sun kusa ritaya, abin da ya tabbata a watan Yulin 2011, sai NASA ta ba 'yan kasuwa kwangilar dako. A watan Disamban 2008 ta ƙulla da SpaceX a kan dala biliyan 1.6 don tafiya 12, da Orbital Sciences a kan biliyan 1.9 don tafiya takwas. Dragon na SpaceX ya fara isa tashar a watan Mayun 2012, Cygnus na Orbital a watan Satumban 2013. Daga nan tafiya ɗaya ta daina zama bajo ɗaya. NASA ta yi nata, kamfani ya yi nasa, sojojin sama masu kula da filin harbawa su yi nasu, wata jami'ar da ta saka ɗan akwatin gwaji ita ma ta buga nata. Cibiyar da ke kula da binciken Amurka a tashar ta kai ga ɗauko masu zanen Marvel a 2016 da na Star Wars a 2017 su tsara mata na shekara.

Kowane gida da tasa ɗabi'ar. A bajon SpaceX akwai ɗan koren ganye mai kunne huɗu, wanda Turawa ke camfa shi da sa'a. Ya samu gindin zama ne tun Satumban 2008, lokacin da rokar Falcon 1 ta yi nasara a karo na huɗu bayan faɗuwa uku a jere. Wani lokacin a fili yake, wani lokacin sai an ƙura ido a cikin teku ko a gefen roka. Injiniyoyi ne masu lissafi da kwamfuta, amma ba su yarda su tashi babu ganyen ba, ba sa kuma son raba bajo kafin a ga ƙarshen aiki.

Cygnus kuwa, da yake babu mai rai a ciki da za a rubuta sunansa, sai aka riƙa ba shi sunayen waɗanda akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya. Na farko G. David Low ne, tsohon ɗan sama jannati kuma ma'aikacin kamfanin. Na Fabrairun 2020 ya ɗauki sunan Robert Lawrence, baƙar fata na farko da aka zaɓa ya je sama a 1967, wanda haɗarin jirgi ya kashe a ƙarshen shekarar tun bai je ba. Kalpana Chawla, haifaffiyar Indiya da ta rasu a haɗarin jirgin Shuttle mai suna Columbia na 2003, ta samu nata a watan Oktoban 2020. Sai Katherine Johnson, baƙar fata masaniyar lissafi, wadda Glenn ya nemi ta sake bin lissafin kwamfuta da hannu kafin ya yarda ya hau. Kumbon da aka ba sunanta ya tashi ranar 20 ga Fabrairun 2021, shekara 59 cif da ranar da Glenn ya hango hazon Kano. A nan ne bajon dako ya fi na 'yan sama jannati amfani ga mai neman tarihi. Na 'yan sama jannati yana maimaita sunayen da jaridu suka riga suka buga. Na dako yana tono waɗanda aka manta, ko ya bar fili ga kayan da aka ɗauka da mutanen da suka harhaɗa su.

Akwai kuma bajon tafiyar da ba ta kai ba. Ranar 28 ga Oktoban 2014 rokar Antares ta fashe daƙiƙu kaɗan bayan tashi daga tsibirin Wallops, ta hallaka Cygnus mai sunan Deke Slayton. Ranar 28 ga Afrilun 2015 Progress M-27M ya kuɓuce yana ta juyi, ya faɗo bayan kwanaki. Ranar 28 ga Yuni rokar Falcon 9 ta SpaceX ta tarwatse da Dragon a tafiyar kwangila ta bakwai. Uku cikin wata takwas, duk ranar 28 ga wata, kuma babu ran da ya salwanta, wanda shi ne ainihin hikimar raba kaya da mutane. Ƙyallen irin waɗannan tafiyoyi, da yake an riga an ɗinka wasu kafin tashi, sun zama abin nema ruwa a jallo a wurin masu tarawa.

Ga ɗan Najeriya, makon da ya fi cancantar a riƙe shi ne na farkon Yunin 2017. John Glenn ya rasu a watan Disamban 2016 yana da shekara 95, sai aka raɗa wa Cygnus na gaba sunansa. Ya tashi ranar 18 ga Afrilu da kaya fiye da tan uku, ya yi makonni maƙale da tashar. Ranar 3 ga Yuni, Falcon 9 ta tashi daga dandalin 39A a Florida, wanda daga nan ne Apollo 11 ya tafi wata, kuma wannan ne harbi na 100 daga wurin. Dragon ɗin da ke kanta tsoho ne, ya taɓa zuwa a 2014, shi ne na farko da aka wanke aka sake turawa. A cikin kayansa masu nauyin kusan kilo 2,700, tare da ɓerayen gwaji da na'urar nazarin taurari, akwai 'yan akwatuna biyar, kowanne santimita 10 ta kowane gefe, nauyinsa wajen kilo ɗaya. Ɗaya na Ghana, ɗaya na Mongoliya, ɗaya na Bangladesh, ɗaya na Japan, ɗaya kuma Nigeria EduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure da hukumar NASRDA suka samar tare da Cibiyar Fasaha ta Kyushu a Japan.

Ranar 4 ga Yuni aka saki kumbon John Glenn daga tashar. Ranar 5 ga wata Dragon mai ɗauke da tauraron Najeriya ya iso. Na Glenn ya ƙone a saman Fasifik ranar 11 ga Yuni. Ranar 7 ga Yuli aka cilla 'yan akwatunan daga ɗakin Kibo na Japan da ke jikin tashar, na Najeriya ya yi ta kewaya duniya har zuwa Mayun 2019, shi ma ya bi sawu ya ƙone. Sauran taurarin ƙasar, irin su NigeriaSat-1 da aka harba daga Plesetsk a 2003 da NigComSat-1 daga Xichang a 2007, kai tsaye roka ta kai su mazauninsu. EduSat-1 a matsayin kaya ya tafi, cikin ɗaurin kumbon dako. Wanda ya ajiye bajon OA-7 kusa da na CRS-11, lambobin waɗannan tafiyoyi biyu ke nan, ya haɗa tashar Kano ta 1962 da jami'ar Akure a shafi ɗaya.

Shi kansa tarawar ilmin zare ne. Bajo surfani ne, irin wanda telolin Kano da Kazaure ke fitarwa kullum a wuyan riga, kuma idon da ya saba da aska takwas ko ɗinkin hula ba zai sha wahalar gane mai kyau ba. Masu tarawa ba sa tsayawa kan fuska, juyawa suke yi su duba baya. Na zamanin Apollo bayansu ƙyalle ne zalla, zare a fili, na baya-bayan nan kuwa galibi da leda a manne. Suna duba kaurin baki, da cikar zare, ko akwai inda ƙyallen ƙasa ya leƙo, da kaifin ƙananan haruffa. Kamfanin Lion Brothers ya taɓa ɓoye 'yar lamba a cikin surfanin wasu na Apollo, wadda sai mai sani ke ganowa. Darajar ma hawa-hawa ce. Akwai na kanti, wanda kowa zai saya da 'yan daloli. Akwai na ma'aikata, wanda a SpaceX kan zo da lambar mai shi. Sama da duka akwai wanda ya je sama ya dawo da takardar shaida, kuma a fagen dako Dragon ne ke iya wannan, tunda shi ke saukowa teku da lema maimakon ya ƙone.

Keken surfani mai kwamfuta ya sauƙaƙa jabu. Hoton da aka sauke daga intanet da safe kan zama bajo kafin la'asar, a Kano ko a Guangzhou. Rigunan gwanjo masu tambarin NASA da ke zube a Kasuwar Ƙofar Wambai, suna kuma bin 'yan koli zuwa kasuwannin ƙauye, ado ne kawai, babu tafiyar da suke wakilta. Ba laifi ba ne matashi ya sa, amma wanda ya ce zai tara da gaske sai ya fara da sanin ranar tashi, sunan roka da abin da aka ɗauka, domin mai jabu ya fi yin kuskure a nan fiye da a allura.

Jerin na ci gaba da tsawo. Sin ta harba Tianzhou na farko a watan Afrilun 2017, yanzu shi ke ciyar da tasharta ta Tiangong. Cygnus ya koma hannun Northrop Grumman, Dragon ya sake fasali, Progress na nan da lambobinsa. Amma tashar ƙasa da ƙasa tana da wa'adi. An tsara kawo ƙarshen aikinta a wajajen 2030, kuma a watan Yunin 2024 NASA ta ba SpaceX kwangilar da ta kai dala miliyan 843 don ƙera kumbon da zai turo ta ƙasa, ta wargaje a saman teku nesa da mutane. Shi ma mara matuƙi ne, a kan ƙirar Dragon za a gina shi, da mai ninkin-ba-ninkin na wanda aka saba. Ba abinci zai kai ba, ba zai kuma dawo ba, kuma da tashinsa za a rufe jerin kumbunan da suka yi wa tashar hidima tun daga Progress na watan Agustan 2000.